Wa ya kamata ya tuba, mawaƙi ko mu?

Duk wanda ya saba sauraren hirar da gidajen rediyo ke yi da mawaƙan Hausa, daga Muryar Sahel ta Yamai har zuwa tashoshin Kano, ya san tambayoyi uku da ba sa ɓacewa. Ta farko: iyayenka sun yarda da wannan abu da kake yi? Ta biyu: yaya kake haɗa waƙa da addini, ko kana da niyyar bari wata rana? Ta uku, wadda akan yi da murmushi: ana dai samun na cefane? Idan mace ce, sai a ƙara mata ta huɗu, a tambaye ta yaushe za ta yi aure, in kuwa ta taɓa yi, a nemi jin abin da ya kashe shi. Amsoshin ma sun zama kamar haddar allo. Mawaƙi zai ce da fari an hana shi, daga baya aka sa masa albarka. Zai ce salla ba ta wuce shi. Zai ce sana'a ce, Allah yana rufa asiri. Mai tambaya ya gyaɗa kai, a saka waƙa, a rufe shiri.

Waɗannan tambayoyi tuhuma ce da aka yi wa kwalliya. Dillalin da ke kulle gero a sito har damina ta yi tsakiya ya sayar ninki biyu, babu mai tambayarsa ko iyayensa sun yarda. Ɗan siyasa ba a tambayarsa yadda yake haɗa alkawarin ƙarya da sahun farko. Mu malaman makaranta ma, da wasunmu ke barin aji su tafi harkar gabansu, babu mai tare mu a rediyo ya ce yaushe za mu tuba. Mawaƙi kaɗai ne sai ya wanke kansa kafin a saurare shi, kuma masu neman ya wanke kan nasa su ne suka cika wayoyinsu da waƙoƙinsa ba su biya shi ko dala ba. Ra'ayina a fili yake: wahalar da mawaƙi ke sha a gidansu, da shakkar da ake yi wa imaninsa, da talaucin sana'arsa, duka saiwarsu ɗaya, kuma mu masu saurare muke ba ta ruwa. Mun ƙi biyansa ladan aikinsa, sai ya koma roƙo. Da ya yi roƙo muka raina shi. Da muka raina shi muka hana shi ƴaƴanmu, muka kuma nemi mu hana shi aljanna.

Mu fara daga gida. A nan Damargu, daga Tanut zuwa Belbeji da ƙauyukan kwarin Tarka, babu wani aiki mai nauyi da kakanninmu suka yi baki shiru. Gayya ba ta yin armashi sai da gangar noma, kuma kowane tsoho ya san saurayin da aka ambaci sunansa da na ubansa a bakin ganga yakan yi aikin mutum biyu kafin azahar. Mata suna daka da waƙa, suna niƙa da waƙa, suna daɓe da waƙa, suna rarrashin jariri da waƙa. Buzaye suna da tende, turmin da aka rufe bakinsa da fata, mata na kaɗawa, raƙuma na kewayawa. Bayan kaka, in an shiga filin kokowa, ɗan kokowa ba ya jin jikinsa sai makaɗi ya taɓa masa takensa. Ranar salla a ƙofar fadar Damagaram, a cire kakaki da algaita da tambura, a ga abin da zai rage na hawa. Ƙasar da aka daɗe ana kira rumbun gero, da waƙa aka nome ta. Amma a wannan ƙasa tamu, in yaro ya je neman aure aka bincika asali aka tarar kakansa makaɗi ne, sau da yawa magana ta mutu ke nan, ko da ya haddace izu sittin, ko da ya fito jami'a da takarda a hannu.

Kalmar da ta ɗaure mawaƙi ita ce roƙo, saboda haka ya kamata mu san inda ta fito. A tsarin da, kowane makaɗi yana da ubangida. Sarki da nasa, sarkin noma da nasa, mahauta da maƙera da maharba kowa da nasa. Haka Ma'azu Ɗan Alalo ya zauna da fadar Damagaram, haka Narambaɗa ya zauna da Sarkin Gobir na Isa. Matsayin makaɗi a ƙasa yake, wannan babu musu, amma abin da ake ba shi wajibi ne a wuyan ubangida: gida, da hatsi, da riga, da doki, a yi masa aure, a yanka wa ɗansa ragon suna. Shi kuma yana riƙe da tarihin gidan a kansa, yana tuna wa jika abin da kaka ya yi, domin ya ji kunyar yin ƙasa da haka. Mulkin Nasara ya rage wa sarakuna iko da taska. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 suka cinye garkunan masu kyauta, kuma mutanen Damargu ba su bukatar a ba su wannan labari. A zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, gwamnati ta zama ubangida, ta hanyar samariya da bikin matasa na ƙasa da aka fara a Damagaram a 1976. Ta ba mawaƙa dandali da rediyo, ko da yake abin da take so a ji shi ake rerawa. Bayan babban taron ƙasa na 1991 sai jam'iyyu suka gaji kujerar, su kuwa sukan tuna da mawaƙi wata uku kafin zaɓe, su manta da shi ranar rantsuwa. Wajibin da ke kan ubangida ya tafi, rainin da ke kan makaɗi ya zauna daram.

Da an yi adalci, kasuwa ce za ta maye gurbin ubangida, kowane mai saurare ya biya ɗan abin da ya sawwaƙa. Sai ga kaset ya zo, kowa ya kwafa daga na maƙwabci. Faifai ya zo, aka kwafe shi fiye da kaset. Yanzu a kasuwanninmu akwai samari ƙarƙashin rumfa da kwamfuta suna zuba wa mutane ɗaruruwan waƙoƙi cikin ɗan katin waya a kan ƴan daloli, sauran kuma ana tura wa juna ta WhatsApp. Mai rumfar ya ci abinci, mai sayar da waya ya ci, kamfanin sadarwa ya ci, mai shayin da ya kunna waƙar domin ya tara jama'a ya ci, direban da ta hana shi barci a hanyar Agadas ya amfana. Wanda ya kwana yana tsara baitin, ya ci bashi ya biya sutudiyo, shi kaɗai ne ba a yi rabon da shi ba. Nijar tana da dokar kare haƙƙin masu fasaha tun 1993, tana kuma da ofishin da ke kula da wannan haƙƙi a Yamai, wato BNDA, amma mai goge ko mai gurmi na ƙauye bai san akwai su ba, kuma mu da muka sani ba mu gaya masa ba. Me ya rage masa? Liƙin biki da aljihun mai mulki. Mu muka tsage bango, muka koma muna zagin ƙadangare.

Da wannan ido ya kamata a duba maganar iyaye. Uban da ya hana ɗansa waƙa ba mahaukaci ba ne, kuma sau da yawa ba fatawa ce ta motsa shi ba. Ya ga yadda makaɗin unguwarsu ya tsufa, ya ga wa ya ɗauki gawarsa, ya ƙi wa ɗansa irin wannan ƙarshe. Mamman Shata ba a gidan roƙo aka haife shi ba a Musawa, kuma sananne ne mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba. Ya yi tallan goro da alewa kafin muryarsa ta rinjayi kowa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988, da ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura cikin girma. Sai dai Shata guda nawa ne? Albarkar da akan ce iyaye sun sa daga baya, in ka duba da kyau, takan zo ne tare da buhun shinkafa na farko da kujerar Makka. Wanda bai kai nan ba, matarsa ce ke kwana ita kaɗai yana can garin biki, ƴaƴansa ne ake yi wa gori a filin wasa. Kowane malami a cikinmu ya ga ɗalibin da, in aka ce a rubuta sana'ar mahaifi, yakan rubuta manomi alhali duk gari an san kalangun ubansa. Sana'ar kuma a kan hanya take. Sa'adu Bori na Maraɗi, wanda ya fitar da faifai tare da Musa Pusi har aka ji su a Turai, hatsarin mota ne ya ɗauke shi a 2008. Mawaƙin da ya mutu haka ba shi da fansho, waƙoƙinsa kuma suna ci gaba da yawo ba su kai wa marayunsa ko tiya guda ba.

Akwai wani ɗan jiharmu da ya kamata mu malamai mu riƙa tunawa, domin namu ne ta fuska biyu. Malam Maman Barka a Tasker aka haife shi, kuma malamin makaranta ne kafin gurminsa ya sa ƙasa duka ta san shi a shekarun 1980. Lakabin malam bai rabu da sunansa ba har ya bar duniya. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi gaɓar tafkin Cadi ya durƙusa gaban wani tsoho, Bukar Tar, wanda ake ɗauka shi ne na ƙarshe da ya iya kaɗa biram, abin kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale. Ya koya, ya dawo da shi, ya kai shi har Ingila, inda faifansa ya fito a 2009. Ya yi aiki a cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai, ya rasu a Nuwamba 2018. Da bai yi wannan tafiya ba, da biram ya shiga kabari tare da tsohon. To, ina tambayar ƴan'uwana masu alli: ranar da ya ajiye alli ya ɗauki gurmi, ya daina koyarwa ne? Ya sauka daga daraja ne? In mun ce ya sauka, to mu faɗi wane ne cikinmu ya ceto wa ƙasar nan abu mai girman wanda ya ceto.

Mata kuwa nauyinsu ninki ne. Zabiya tana shiga har ƙuryar ɗakin amarya, ita ce ke sa biki ya zama biki, amma sunanta zagi ne a bakin waɗanda suka gayyato ta. Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa matar aure ce, uwar ƴaƴa da yawa, ta yi shekaru tana amada da ƙwarya tana kiran mata su kama sana'a su daina zaman jiran hannun miji, har ta rasu a 2013. Abin da ƙungiyoyi ke kashe miliyoyi a kansa yau da sunan wayar da kan mata, ita ta yi shi da ƙwarya da ruwa. Fati Nijar ƴar Maraɗi ce, amma a Kano ta yi suna, domin can ne sutudiyo da kasuwar finafinai suke. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu tambayi kanmu abin da ya sa muryoyinmu sai sun ƙetare iyaka suke samun abinci. Maimakon haka, in mawaƙiya ta zo gabanmu, aurenta muke bincike. Mutumin da aka kai masa amarya da waƙarta shi ne zai rantse ƙanensa ba zai auri irinta ba.

Yanzu ga maganar addini, wadda ita ce sandar da aka fi duka da ita. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, amma akwai abubuwan da duk wanda ya zauna gaban malamai ya sani. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana da mawaƙinsa, Hassanu ɗan Sabitu, kuma ya yafa wa Ka'abu ɗan Zuhairu mayafinsa saboda ƙasida. Hadisin ƴan mata biyu da ke waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar idi yana cikin Buhari. Ƙarshen surar Shu'ara'i ya zargi mawaƙa masu faɗin abin da ba sa aikatawa, sa'an nan ya togace waɗanda suka yi imani suka yi aikin ƙwarai. A kan kayan kiɗa malamai sun yi saɓani tun da daɗewa: da yawa sun hana, sun togace ganga irin ta bikin aure, Imamu Gazali ya halatta saurare bisa sharuɗɗa, Ibnu Hazmi na Andalus ya fi shi sassauci. A nan ƙasar Hausa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi sun yi saɓani a rubuce a kan wannan mas'ala, ba wanda ya fitar da ɗan'uwansa daga addini. Da waƙa Shehu ya isar da wa'azinsa ga waɗanda ba su jin Larabci, da waƙa Nana Asma'u ta karantar da matan ƙauye ta hannun jajinta, da rerawa muke karanta Ishiriniya a watan Mauludi, kuma Imfirajin Aliyu Namangi ya shiga gidajen da littafi bai taɓa shiga ba.

Saboda haka wanda ya bi malaman da suka hana kiɗa, ya tsarkake kunnensa da wayarsa da bikin ƴarsa daga gare shi, ina girmama shi, ba ni da faɗa da shi. Faɗana da mai fuska biyu ne, wanda ke kaɗa kai a mota yana tsine wa mawaƙi a majalisa. Magana ɗaya ce cikin biyu. In kiɗa haramun ne, mai saurare da mai gayyata da mai liƙi duk suna cikin laifin, kuma babu dalilin da zai sa a tsayar da mawaƙi shi kaɗai gaban makirfo. In kuwa halal ne, to aiki ne, kuma addinin da ya koya mana a biya ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba bai cire mawaƙi daga cikin ma'aikata ba. Babu wata hanya ta uku da mutum zai sha daɗin waƙa kyauta ya bar wa mai ita zunubi da yunwa.

Ku duba abin da ke faruwa in wani mawaƙi ya fito ya ce ya tuba ya bar waƙa. Sai a yi ta kabbara ana yaɗa labarin. Babu mai tambayar abin da zai ci gobe, babu mai ba shi jari ko gona. Babu kuma ko mutum ɗaya cikin masu murna da ke share tsofaffin waƙoƙinsa daga waya. Bayan wata shida yunwa ta koro shi dandali, sai mu ce dama munafuki ne. Laifi tudu ne, mun take namu muna hango nasa. Haka nan maganar aure. Mazhabar Maliku da muke bi ba ta sa nasaba ko sana'a cikin sharuɗɗan dacewar miji da mata ba. Addini da lafiya daga aibi take dubawa. Wanda ya kori mai neman aure domin kakansa ya rataya ganga, al'ada ya bi, kuma ya kamata ya yi ƙarfin halin kiranta da sunanta, ya daina sa mata rawani.

Kada a ce na wanke mawaƙa tas. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai mai zambon da ya mayar da harshensa wuƙa, in ba ka ba shi ba ya yaga maka riga a bainar jama'a. Akwai mai kiran ɓarawon dukiyar talakawa zaki, gobe in kujera ta juya ya kira shi kura. Akwai mai batsar da ba za a iya saurare gaban suruki ba, akwai mai ɗauko karin waƙar Indiya ya liƙa masa kalmomin da ba su da kai ba su da gindi. Waɗannan a faɗa musu gaskiya, kuma a auna su da abin da suka faɗa, kamar yadda ake auna kowa. Amma a tuna, waƙar siyasa mai zagi akwai wanda ya biya kuɗinta, kuma shi ba a kiransa maroƙi, Alhaji ake ce masa. Hani da kamu ma ba su magance komai ba: da aka kama Aminu Ala a Kano a 2009 saboda waƙa, wayoyin jama'a ne suka ci gaba da yaɗa ta. Abin da ke gyara bakin mawaƙi shi ne ya sami abincin da ba a hannun mutum ɗaya yake ba. Ɗan Maraya Jos, da ɗan kuntiginsa, ya yi wa karen mota waƙa, ya soki auren dole, domin jama'a ne iyayen gidansa.

Tun da Faransanci nake koyarwa tare da Hausa, bari in ɗauko misali daga can, domin masu zaton wannan ciwo namu ne mu kaɗai. A ƙarni na 17 cocin Faransa ba ta yarda a yi wa ɗan wasan kwaikwayo jana'izar addini sai ya furta cewa ya bar sana'arsa. Molière ya mutu a 1673 bai samu yin wannan furuci ba, sai da matarsa ta kai kuka wurin sarki Luwi na 14 aka yarda a binne shi, da dare. Yau Faransawa da sunansa suke yi wa harshensu kirari. Abin da ya sauya matsayin mai fasaha a can har da kuɗi. A 1847 wani marubucin waƙa, Ernest Bourget, ya ƙi biyan abin da ya sha a wani gidan shaƙatawa na Paris, domin ana rera waƙarsa a wurin ba a biya shi ba. Kotu ta ba shi gaskiya, kuma daga nan aka kafa ƙungiyar SACEM a 1851, mai karɓar wa mawaƙa haƙƙinsu. Mu kuwa me muka ɗauko? Mun sa yaran Damargu haddar tatsuniyar La Fontaine ta gyare da tururuwa, inda wanda ya yi waƙa da damina ya zo roƙo da rani aka kore shi. Mun koya musu da Faransanci abin da suka riga suka ji da Hausa, cewa mai waƙa malalaci ne, ba mu gaya musu cewa mai tatsuniyar kansa a inuwar masu hannu da shuni ya rayu ba.

Ya ku malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu, wannan magana ta zama ta gaggawa. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Harshen ƙasa yana bukatar adabin da za a karanta a aji. Ina za mu samo shi? Mafi yawansa yana bakin mutanen nan da muke hana wa ƴaƴanmu. A wurinsu kirari yake, da karin magana, da kamantawa, da kambamawa, da sunayen gero da na raƙuma da na rijiyoyin da ɗalibanmu suka fara mantawa. Jami'o'in Najeriya sun daɗe da gane haka. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya ƙarar da shekaru yana tattara tarihin makaɗa da nazarin waƙoƙinsu. Mu a nan tsofaffin makaɗan noma da na kokowa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kowane da abin da ya sani, kuma ba kullum ake samun Maman Barka ya iso kafin a rufe kabari ba.

Abin da nake kira gare shi bai fi ƙarfinmu ba. Kowane malamin Hausa yana da waya mai ɗaukar murya: ya je wurin makaɗin garinsu, ya nemi izininsa, ya biya shi, ya ɗauki waƙarsa da sunansa da na wanda ya koya masa, ya sa ɗalibai su rubuta ta. A gayyato shi aji, a ba shi kujera, a kira shi malam, domin a wannan sa'a shi ne malamin. Ƙungiyar da za ta shirya taro ta rubuta ladan mawaƙi cikin kasafi tun kafin kuɗin rumfa da na lemo, a yi yarjejeniya a takarda, a daina sallamarsa da godiya da kuɗin mota. Waɗanda suka iya cika takardu su taimaki mawaƙan karkara su yi rajistar ayyukansu, a kuma taya su kafa asusun da za su jingina da shi ranar ciwo. Gidajen rediyon karkara su riƙa faɗin sunan mai waƙa duk lokacin da suka saka ta. Malamanmu na addini, da muke jin maganarsu fiye da ta kowa, in sun yi wa'azi a kan batsa da zambo, su haɗa da wa'azi a kan cin gumin mawaƙi da gorin asali. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma wannan jinkar ba ta kai nauyin da muke riya mata ba.

Masu hira kuma su sauya tambaya. Su tambayi mawaƙi wa ya koya masa, yaya yake ɗaura baiti a kan kari, wace kalma ce ta hana shi barci, nawa ya kashe a kan waƙarsa ta ƙarshe, nawa ya dawo hannunsa. Imaninsa a bar shi tsakaninsa da Ubangijinsa, kamar yadda aka bar na dillali da na ɗan siyasa da namu. In kuwa lalle sai an yi maganar tuba, to malamai sun koya mana cewa laifin da ke tsakanin bawa da Allah nadama da bari sun ishe shi, amma haƙƙin ɗan Adam ba ya faɗuwa sai an mayar wa mai shi ko ya yafe. Kowa ya buɗe wayarsa ya ƙirga waƙoƙin da ke ciki, ya ƙirga nawa ya biya, sa'an nan ya faɗa mana wanda ake bi bashi.